Bugun Zuciya Ana Tsakiyar Tiyatar Baifas: Yaya Rayuwa Ke Kasancewa Bayan Shekaru?

Ana yi wa mutum tiyatar baifas, wato aikin samar wa jini sabuwar hanya a jijiyoyin zuciya da suka toshe, domin a raba shi da ciwon ƙirji, a kuma tsare shi daga bugun zuciya, wato mutuwar wani sashe na naman zuciya saboda yankewar jini. Shi ya sa da wuya a samu labarin da ke kaɗa hanjin iyali irin a ce likita ya tare su a ƙofar ɗakin kulawa ta musamman, ya shaida musu cewa majinyacinsu ya samu bugun zuciya ana tsakiyar aikin, ko 'yan sa'o'i bayan an gama. A kunnen mai sauraro, an yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Tambayar da ke fara fitowa ita ce, "Likita, zai tashi kuwa?" Idan Allah ya sa ya tashi har aka sallame shi, sai wata tambayar ta maye gurbinta, wadda ba kowa ke iya furta ta a gaban maigida ko mahaifi ba: wannan abu da ya faru, me zai jawo nan da shekara 5 ko 10?

Kwana na Allah ne, babu likitan da ya san ranar wani. Abin da likita ke da shi shi ne labarin dubban mutanen da irin wannan ta faɗa wa, waɗanda aka bi sawunsu shekara da shekaru ana rubuta abin da ya same su. Abin da wannan labari ke nunawa kuwa shi ne, girman ɓarnar ne ke da tasiri, fiye da sunan da aka rubuta a takarda. Mutum biyu za su fito daga asibiti da rahoto mai jimla iri ɗaya, amma ɗaya ɗan guntun naman zuciya ya rasa wanda da ƙyar na'urar hoto ta gano shi, ɗayan kuwa wani babban sashe na bangon zuciyarsa ne ya mutu. Na farko yana iya rayuwa kamar babu abin da ya same shi. Na biyu yana buƙatar kulawa ta daban har iyakar rayuwarsa. Haɗa su wuri ɗaya shi ne tushen yawancin ruɗanin da ake samu, har a tsakanin likitocin kansu.

Sai an fahimci aikin kansa kafin a gane yadda hakan ke faruwa. Zuciya tsoka ce, kuma duk da jinin da ke cike a cikinta, ba daga shi take ci ba. Tana da nata jijiyoyin da ke kwance a samanta, manya uku da rassansu, su ne ke kai mata abinci da iskar oksijin. Idan kitse ya taru ya daskare a bangon waɗannan jijiyoyi, sai hanya ta ƙuntata. Likitan tiyata ba ya kankare toshewar. Yakan ɗauko wata jijiya daga jikin majinyacin, ta cikin ƙirji ko ta ƙafa ko ta hannu, ya ɗinka ta a gaba da inda ya toshe, jini ya samu sabuwar hanya. Vasilii Kolesov ya yi hakan da jijiyar ƙirji a Leningrad a 1964, sannan René Favaloro, ɗan Ajantina da ke aiki a asibitin Cleveland na Amurka, ya daidaita yadda ake amfani da jijiyar ƙafa tun daga 1967, aikin ya bazu duniya daga nan.

Jijiyar da ake ɗinki a kanta, yawanci faɗinta bai fi milimita 2 ba. Irin wannan ɗinki yana da wuya a kan abin da ke motsi, don haka akan tsayar da zuciyar. Ana haɗa majinyaci da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, wanda John Gibbon ya fara yin nasara da shi a 1953, a danne babbar jijiyar da ke fita daga zuciya da matsefi na ƙarfe, sannan a ɗura wa zuciyar wani ruwa mai yawan sinadarin fotasiyam, galibi mai sanyi, wanda ke sa ta tsaya cik ta saki jiki. Zuciyar da ta tsaya kuma ta yi sanyi ba ta cin iska sosai, shi ya sa take jure awa guda ko fiye ba tare da jininta yana gudana ba. Amma fa jurewa ce kawai take yi. Ga wani abu kuma: lokacin da aka saki jijiyar jini ya dawo, dawowar tasa ma tana yi wa ƙwayoyin tsoka lahani. Ke nan kusan babu zuciyar da ke fita daga wannan aiki ba ta ji jiki ba. Akwai likitocin da ke yin ɗinkin zuciya tana bugawa, kuma hakan kan rage ƙaramin rauni, sai dai gwajin CORONARY da aka yi kan mutum 4,752 bai ga bambanci tsakanin hanyoyin biyu ba bayan shekara 5.

Raunin da ya zarce na kowa da kowa, wanda ya isa a kira shi bugun zuciya, ta hanya biyu yake zuwa. Ta farko daga sabuwar jijiyar take: ta lanƙwashe, ko gudan jini ya toshe ta, ko bakin ɗinkin ya matse, ko ita kanta ta ƙanƙame. Ta biyu ba ruwanta da sabuwar jijiya. Ruwan tsayar da zuciya ne bai ratsa wani lungu ba saboda toshewar da ke gabansa ta yi tsanani. Ko bangon zuciya ya yi kauri saboda hawan jini na shekaru, ruwan bai ƙosar da shi ba. Ko ɗan kumfan iska ko ɓarɓashin kitse ya faɗa cikin ƙaramar jijiya. Ko bayan aiki jini ya sauka ƙwarai, ko an yi zubar jini mai yawa. A hanya ta biyu yawanci ɓarna ta riga ta auku, aikin likita shi ne ya tallafi zuciyar har ta farfaɗo. A ta farko kuwa ɓarnar tana kan gudana, kowace awa nama na ƙara mutuwa, kuma ana iya tare ta idan aka gane da wuri: a ɗauki hoton jijiyoyin, a buɗe ta asali da ɗan bututun ragar nan da ake kira sitent, ko a koma ɗakin tiyata a gyara ɗinkin.

Ganewar ce ke da wuya. Majinyaci yana barci saboda magani, bututun numfashi a bakinsa, ba zai ce ƙirjinsa na ciwo ba. Ko ya farka ma, ƙirjin da aka tsaga ƙashinsa jiya dole ya yi ciwo. Sai dai a dogara da alamu: sauyi a zanen ECG, wato gwajin wutar da ke tafiyar da bugawar zuciya, wani sashen bango da ya daina motsi a hoton eko mai nuna motsin zuciya, bugawar zuciya da ta rikice, jinin da ya ƙi hawa sai an yi ta ƙara magani, da kuma gwajin jini. A nan ne ingancin asibiti ke bayyana. Wurin da ɗakin ɗaukar hoton jijiya ke buɗe dare da rana, kuma likitocinsa ba sa jin nauyin cewa "mu koma mu duba", majinyacinsa ya fi samun damar fita da ƙaramin tabo.

Gwajin jinin nan shi ya haddasa muhawarar da har yau ba a rufe ba. Idan ƙwayar tsokar zuciya ta ji rauni takan zubar da wasu sinadarai cikin jini. A da CK-MB aka fi aunawa, yanzu tirofonin ne. Ga mutumin da ya zo daga gida yana dafe da ƙirji, tirofonin ya ɗan haura iyakar da ake samu a jinin mai lafiya ya isa a kama maganar bugun zuciya. Ga wanda aka taɓa zuciyarsa da hannu, aka tsayar da ita, aka ɗinke ta, kusan kowa nasa zai hau. To a ina za a kafa iyaka? Ma'anar da manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na duniya suka amince da ita a 2018, wadda ita ce bita ta huɗu, ta kira wannan bugun zuciya nau'i na 5. Sharaɗinta shi ne tirofonin ya ninka iyakarsa fiye da sau 10 cikin awa 48 bayan aiki, kuma a samu shaida ta biyu: sabuwar alamar mutuwar nama a ECG, ko hoton da ya nuna jijiya a toshe, ko wanda ya nuna sabon sashen da ya mutu. Wata ƙungiya ta Amurka mai suna SCAI tun a 2013 ta kafa nata ma'aunin a ninki 70. Wasu masana kuma suka tsaya a 35. Don haka yawan masu samun matsalar yana sauyawa gwargwadon ma'aunin da aka ɗauka, kodayake galibin rahotanni suna tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin 100.

A 2022 mujallar New England Journal of Medicine ta buga wani babban bincike mai suna VISION, wanda P. J. Devereaux na jami'ar McMaster ta Kanada ya jagoranta. An bi mutum 13,862 da aka yi wa tiyatar zuciya a ƙasashe 12, ana auna tirofonin ɗinsu da sabon gwaji mai gano ko ɗan kaɗan ne. Kashi 2.1 cikin 100 sun rasu cikin kwana 30. Abin da ya girgiza likitoci shi ne, kashi 97.5 cikin 100 sun haura ninki 10 ɗin nan tun a ranar farko. Kuma ga waɗanda aka yi wa baifas ko gyaran bawul, wato ƙofar da ke bakin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, hatsarin mutuwa bai fara tashi a fili ba sai da tirofonin ya ninka iyaka sau 218, wato nanogiram 5,670 a kowace lita. Lambar da za ta firgita wanda ya gan ta a takardar gwaji, 1,000 ko 2,000, tana iya zama abin da aka saba gani washegarin tiyata. Ina jaddada wannan ne saboda yanzu iyalai kan ɗauki hoton takardar su tura wa wani ɗan uwa ma'aikacin lafiya ta WhatsApp, shi kuma ya kwatanta ta da iyakar da ya sani ta masu zuwa daga gida, hankalin gida gaba ɗaya ya tashi a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Wannan saɓani ya taɓa zama rikici a bainar jama'a. Gwajin EXCEL ya kwatanta sitent da baifas a kan mutum 1,905 masu toshewa a tushen jijiyar hagu ta zuciya. Da aka buga sakamakon shekara 5 a 2019, an ce hanyoyin biyu kusan kunnen doki suka yi. Amma ma'aunin da masu gwajin suka zaɓa ya ƙirga bugun zuciya da yawa a ɓangaren tiyata, waɗanda da ma'anar duniya aka bi da ba su shiga lissafi ba, alhali mace-mace sun fi yawa a ɓangaren sitent, kashi 13 a kan 9.9. David Taggart, likitan tiyata na Oxford da ke cikin jagororin gwajin, ya janye sunansa daga rahoton. BBC ta yi shiri a kai a watan Disamba na wannan shekarar, ƙungiyar likitocin tiyatar zuciya da ƙirji ta Turai kuma ta janye goyon bayanta ga sashen ƙa'idojin jinya na Turai da ya shafi wannan toshewa. Idan ƙwararru za su yi irin wannan sa-in-sa kan abin da ya cancanci sunan, majinyaci yana da haƙƙin ya tambaya, "Likita, nawa ɗin wane iri ne, kuma ina girmansa?"

To me bin sawu na shekaru ya nuna? Daga cikin tsofaffin shaidu akwai wani rahoton binciken CASS na Amurka da Kanada da aka buga a 1983. Cikin mutum 1,340 da aka yi wa baifas, 62 sun nuna sabuwar alamar bugun zuciya a ECG. Kusan kashi 10 cikin 100 na waɗannan sun rasu tun a asibiti, alhali a sauran kashi 1 ne kacal. Amma waɗanda suka fita da rai, yawan mace-macensu a shekara 3 da suka biyo baya bai bambanta da na sauran ba.

A 2011 Michael Domanski da abokan aikinsa suka tattara bayanan mutum 18,908 daga bincike 7, suka buga a mujallar JAMA. Su girman raunin suka auna mataki-mataki. Waɗanda CK-MB ɗinsu bai ninka iyaka sau 5 ba, ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne suka rasu cikin kwana 30. Daga ninki 5 zuwa 20, adadin ya koma tsakanin kashi 2 da 3. Daga ninki 20 zuwa sama ya kai kashi 7. Tasirin ya fi ƙarfi a watan farko, ya ci gaba har ƙarshen shekara guda, daga nan ya yi ta dusashewa. Idan aka haɗa wannan da na CASS, za a ga cewa hatsarin a farko yake tarewa. Wanda ya haye watan farko ya haye mafi tsananin wuri. Wanda ya cika shekara da zuciya mai ƙarfi, lissafinsa ya kusa komawa daidai da na sauran masu baifas.

Sai dai ba kowa ke cika shekarar da zuciya mai ƙarfi ba. Wani bincike da aka buga a mujallar Circulation a 1990 ya fayyace su wane ne ke shan wuya daga baya. Majinyatan da suka samu bugun zuciya lokacin aiki, amma aka samar wa duk jijiyoyinsu masu toshewa sabuwar hanya, kuma ƙarfin tunkuɗa jininsu ya tsaya sama da kashi 40, ba su fi sauran shiga matsala ba. Matsalar ta taru ne a kan waɗanda aka bar musu wani yanki ba a kai masa jini ba, ko waɗanda zuciyarsu ta fito da rauni.

Wannan lamba ta ƙarfin tunkuɗa jini, a ganina, ita ce ya kamata kowane iyali ya haddace fiye da tirofonin. A takardar eko ana rubuta ta EF. Abin da take nufi shi ne, cikin jinin da ya cika babban ɗakin hagu na zuciya, kashi nawa ke fita a bugawa ɗaya. Na mai lafiya yakan kama daga 50 zuwa 70. Ƙasa da 40 rauni ne, 35 zuwa ƙasa kuwa babban rauni ne. Amma lokacin da aka auna ta yana da muhimmanci ƙwarai, domin EF na makon farko ba abin yanke hukunci ba ne. Tun 1982 Eugene Braunwald da Robert Kloner suka bayyana cewa tsokar da jini ya yanke mata na ɗan lokaci takan suma, ta daina motsi kwanaki ko makonni, alhali tana da rai. Mai lambu ya san wannan a shukarsa: wadda ta yi yaushi da wadda ta fara bushewa duk kai a sunkuye suke da tsakar rana, sai an ba su ruwa an jira kafin a san wacce za ta miƙe. Akwai kuma tsokar da ta daɗe tana fama da ƙarancin jini tun kafin tiyata, ta rage aikinta don ta rayu. Ita wannan sai ta yi watanni da sabuwar hanya kafin ta dawo. Don haka mutumin da aka ce EF ɗinsa 35 ne ranar sallama yana iya komawa 45 ko 50 bayan wata 3. Ekon wata 3 ɗin nan shi ne ke faɗin inda aka kwana.

Naman da ya mutu da gaske kuwa ba ya dawowa. Cikin mako 6 zuwa 8 jiki ke maye gurbinsa da tabo, kuma tabo ba ya matsewa. Idan ƙarami ne, sauran tsoka ta ɗauke masa nauyi ba tare da an ji komai ba. Idan babba ne, ɗakin zuciya kan fara faɗaɗa sannu a hankali har a kai ga gazawar zuciya: haki idan an ɗan yi tafiya, kumburin ƙafa, kasa kwanciya sai an tara matashin kai, farkawa cikin dare numfashi na sarƙewa. Gefen tabon kuma yakan rikita wutar da ke tafiyar da bugawar zuciya, abin da ke jawo faɗuwa farat ɗaya. Saboda haka ne idan EF ya tsaya a 35 ko ƙasa bayan kwana 90 da aiki, duk da shan magani, likitoci ke kawo maganar dasa wata ƙaramar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji, mai dawo da bugawa daidai idan ta rikice. Ba a cika gaggauta ta kafin kwana 90 ɗin ba, don a ba sumammen nama damar farfaɗowa.

Faɗaɗar nan ana iya tare ta, kuma a nan majinyacin yau ya fi na 1983 sa'a. Akwai dangin magani huɗu da aka tabbatar suna rage mutuwa ga mai raunin zuciya: ramipril da 'yan uwansa ko sacubitril-valsartan, bisoprolol ko carvedilol, spironolactone, da dapagliflozin ko empagliflozin, waɗannan biyu na ƙarshe asali don ciwon suga aka yi su. Ana farawa da kaɗan, ana ƙarawa a hankali, ana duba ƙoda da fotasiyam. Wanda aka sallama da ƙaramin awo, aka bar shi a kai shekaru babu mai dubawa, bai samu cikakken amfanin maganin ba.

Bayan shekarar farko, abin da ya fi yanke makomar mai baifas, ya samu bugun zuciya a ɗakin tiyata ko bai samu ba, shi ne ko sababbin hanyoyin za su zauna a buɗe. Floyd Loop da abokansa sun nuna a 1986 cewa waɗanda aka ɗinka wa jijiyar ƙirji a babbar jijiyar gaban zuciya sun fi yawa a raye bayan shekara 10. Fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan jijiya tana nan a buɗe bayan wannan tsawon lokaci, ta ƙafa kuwa kusan rabi kan toshe ko ta lalace. Cutar da ta toshe na asali ba ta tafi ko'ina ba. Asfirin kullum, maganin kitsen jini irin su atorvastatin ko rosuvastatin da awo mai ƙarfi, barin taba da shisha kwata-kwata, riƙe suga da hawan jini, duk sun zama dole, kuma sun fi zama dole ga wanda ya riga ya rasa wani sashe, domin bugu na biyu zai same shi ba shi da rara. Motsa jiki ma magani ne. Ƙauna kan sa 'ya'ya su tsare uba a ɗaki, "Baba, zauna, kar ka motsa," amma tafiyar ƙafa da ake ƙarawa kaɗan-kaɗan bisa tsarin likita ita ce ke dawo masa da ƙarfi, ta kuma rage ƙuncin rai da kan kama mutane da yawa bayan wannan tiyata.

A ƙasashenmu akwai wani giɓi da ya dame ni. Tun 1974 aka fara tiyatar buɗe zuciya a Najeriya, a Inugu, kuma yau akwai cibiyoyi a Legas da Abuja da ke yin baifas, amma har yanzu mutane da yawa daga Najeriya da Nijar Indiya ko Masar suke zuwa. Tsadar masauki kan sa a juyo gida bayan mako 2 ko 3, wato ana tsakiyar lokacin da hatsari ya fi yawa, likitan da ya san abin da ya faru kuma ya rage can. A gida a shiga karɓar 'yan dubiya, ekon wata 3 ya bi ruwa, magani ya ƙare a ce ai an warke. Kafin a baro asibitin, a tsaya sai an karɓi rahoton tiyata da ya faɗi jijiya nawa aka ɗinka, daga ina aka ɗauko su, da ko akwai wadda aka kasa yi wa hanya. A karɓi sakamakon tirofonin, ekon kafin aiki da na bayansa, faifan hoton jijiya, da ECG na ranar sallama. Wannan na ƙarshe shi zai sa likitan gida ya iya bambanta tsohon tabo da sabon bugu idan wata rana aka zo masa cikin dare.

Akwai likitocin da ke ganin tausayi ne a ce wa iyali "aiki ya yi kyau" a yi shiru kan sauran. Ban yarda da wannan ba. Bugun zuciya lokacin baifas yana faruwa a hannun ƙwararru a manyan asibitocin duniya, ba lallai ne ya zama sakacin wani ba. Amma ɓoye shi yana hana mutum bibiyar da ta dace da shi, kuma wannan ɓoyewar ita ce ta zama laifi.

Maganin ciwon jiki da ake saye a kemis, irin su diclofenac da ibuprofen, suna tara ruwa a jiki, su taɓa ƙoda, su ƙara hatsarin bugun zuciya. Hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba da su a lokacin tiyatar baifas, kuma mai raunin zuciya ya guje su ko bayan nan. Batun azumi kuma a kai shi gaban likita kafin Ramadan ya kama, musamman a watannin farko da kuma ga mai shan maganin fitar da ruwa a lokacin zafi. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Idan sabon ciwon ƙirji ya zo, ko haki ya ƙaru, ko aka suma, ko nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, kar a jira ranar ganin likita. Mai ciwon suga yana iya samun bugun zuciya ba tare da ƙirji ya yi ciwo ba, sai dai gumi da tashin zuciya da kasala. A irin wannan hali a nufi asibitin da ke da ECG nan take, da takardun tiyata a hannu.